Cittar Daji a Sudan: Yadda Ake Gane Ta Ba Tare da An Tone Ta Ba, da Halin da Take Ciki

Cittar da ake dakawa a zuba a jabana, wato gahawa, a Sinnar ko Gadarif, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira janzabil mu kuma muke cewa citta mai yatsu, baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalinta Asiya, kuma shukar gona ce, ba a samunta tana fitowa da kanta a daji. Haka gurunjal ɗin da mata ke haɗawa a hilu-mur, abin shan buɗe-baki, gabanin azumi, haka habbahan, haka kurkum. Dangi ɗaya ne dukansu, masana tsirrai na kiransa Zingiberaceae, kuma duk ta hannun fatake suka iso mana. Amma dangin nan yana da 'yan ƙasa, masu fitowa da kansu a dazuzzukan kudancin Sudan inda ruwan sama ke da yawa, musamman wajen iyakar Habasha.

Babbar cikinsu ita ce wadda za mu kira cittar daji, sunanta na kimiyya Siphonochilus aethiopicus. Bajamushen nan Georg Schweinfurth ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1867, ya sa mata suna Cienkowskia aethiopica don girmama Cienkowski, masanin tsirrai ɗan Foland da ya bi tawagar Rashawa masu neman zinariya zuwa Fazugli a 1848, ya tattaro tsirrai a can. Daga baya aka mayar da ita cikin rukunin Kaempferia, sai a 1982 B. L. Burtt ya ba ta sunan da take amsawa yanzu. Sanin wannan yana da amfani ga ɗalibi, domin wanda ya buɗe tsofaffin littattafan tsirran Sudan, irin na F. W. Andrews da aka buga tsakanin 1950 da 1956, sai ya neme ta da tsohon sunanta.

Shimfiɗarta a Afirka tana da faɗi ƙwarai, daga Senegal zuwa Habasha, ta gangara har Afirka ta Kudu. A Sudan kuwa ruwan sama ne ya shata mata iyaka. Hartum ba ta samun milimita 200 a shekara, Sinnar na samun ƙasa da 500, Damazin wajen 700, Kurmuk kuma ta kusa 1,000. Cittar daji tana son ɓangaren ƙarshen nan, kuma ko a can ba ko'ina ba. Wurinta shi ne inuwar da ba ta yi duhu ba, ƙarƙashin marke da baushe da taramniya, gefen kurmin gora, gindin tsauni da gaɓar ƙorama, inda ƙasa ke da saƙo-saƙo ruwa na wucewa, ga ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe ta. Baƙar lakar nan mai tsattsagewa da rani ta riƙe ruwa da damina ba ta yi mata. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, galibin dazuzzuka masu laima suka tafi da ita, abin da ya rage wa Sudan na irin wannan muhalli siririn yanki ne a gefen kudu.

A bakin wannan yankin ne Hausawa ke zaune. Tun da aka kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙauyukanmu suka bi gaɓar Nilul Azrak daga Sinnar zuwa Sinja da Rusairis, suka bi kogin Dindir da Rahad. Manoma ne, masunta ne, masu lambu ne, akwai masu maganin gargajiya. Su ne ke cikin daji a makonnin da tsiron nan ke nuna kansa, lokacin da mai bincike daga birni da ƙyar motarsa ke iya ratsa laka. Saboda haka sanin yadda ake gane ta ya fi kamata ya kasance a hannunsu.

Lokacin gane ta gajere ne. Rani duka tana kwance a ƙarƙashin ƙasa, ba kara ba ganye. Da ruwan farko ya sauka, wanda a nan ake ce wa rushash, wajen Mayu zuwa Yuni gwargwadon wuri, sai fure ya ɓullo kai tsaye daga ƙasa, sau da yawa kafin ganye ya gama warwarewa. Furen ba ya hawa kan karan ganye, gefensa yake fitowa a kan wani ɗan guntun kara nasa na daban wanda rabinsa a binne yake. Babba ne, faɗinsa kan kai santimita 7 zuwa 10, launinsa shunayya mai haske ko ruwan hoda, maƙogwaronsa fari da tabon ruwan ɗorawa a tsakiya, yana da ƙamshi. Abin da ido ke fara gani leɓe ne guda mai faɗi da laushi, rabe gida uku, na tsakiyar ya fi girma kuma bakinsa a tsage yake. Durƙusa ka leƙa ciki. Sandar namiji mai ɗauke da garin fure guda ɗaya ce tak, da wani ɗan tsiri dogo a kanta. Wannan ɗayan shi ne hatimin dangin citta. In ka ƙirga shida, to albasar daji ce ko danginta kake kallo. Kowane fure kwana ɗaya yake yi, ya buɗe da safe ya yi yaushi kafin magariba, gobe wani ya fito, haka har 'yan makonni. Wanda ya je da la'asar sakaliya ba abin da zai tarar sai lagwanin fure manne da ƙasa, don haka da hantsi ake zuwa.

Bayan fure sai ganye. Karan da ake gani ba itace ba ne, gindin ganyaye ne suka nannaɗe juna, yadda na ayaba yake, kuma ayaba 'yar'uwa ce ta nesa. Tsayinsa kan kai santimita 30 zuwa 60, wani lokaci ya tasam ma mita guda a ƙarshen damina. Ganyayen a jere biyu suke, ɗaya dama ɗaya hagu, duk a shafi guda, ta yadda in ka kalli tsiron ta gefe sai ka ga ya zama siriri. Dogaye ne masu tsini, sumul, kore mai haske, da jijiya babba a tsakiya da ƙanana masu fita a karkace. Ja ganye ɗaya a hankali ka duba kuben da ya rungumi kara: a buɗe yake ta gefe guda, kuma daidai inda kuben ya haɗu da ganye akwai wata 'yar fata siririya. Jere biyu, kube a buɗe, da wannan 'yar fata, in suka haɗu ka kusa tabbata.

Abin da zai kammala tabbacin shi ne ƙamshi, kuma ba sai an tumɓuke ta ba. Share ƙasar gindin da yatsa har kan saiwar ya bayyana, ka karce fatarta kaɗan da farce ka shinshina, sannan ka mayar da ƙasa ka danna. Ƙamshin citta ne haɗe da wani sanyi irin na ganyen bishiyar kafur, domin man da ke cikinta yana da sinadarin cineole da yawa. Ita kanta saiwar ba ta da yatsu. Gajera ce mai faɗin kai da tsinin gindi, siffar katantanwa, da zobe-zobe na tabon tsofaffin ganyaye, sabuwa manne da ta bara. A ƙarƙashinta akwai jijiyoyi masu kauri da ke kumbura wajen ƙarshensu, nan take ajiye ruwa da abincin da za ta ci rani da su. 'Ya'yanta kuwa a daidai fuskar ƙasa suke nuna, ɓoye cikin busasshen ganye, kuma ba ta yin su da yawa. A riƙe wannan, domin shi ne asalin rauninta.

Kama da wane ba ta wane. Takalmin zomo, Costus spectabilis, yana fitowa a wuri guda da lokaci guda, shi ma furensa a ƙasa yake, amma ruwan ɗorawa ne mai kaifi, kuma yana fitowa ne daga tsakiyar ganyaye huɗu masu faɗi da kauri da ke kwance shame-shame a ƙasa. Shi ne furen da ke gindin tambarin Nijeriya. Kakizuwa, Costus afer, doguwa ce ta bakin ruwa, takan wuce mita biyu, ganyenta na zagaya kara yana hawa, kubenta a rufe yake ruf, furenta a ƙololuwar kara, in ka tauna karan ka ji tsami. Duk su biyun ba su da ƙamshi ko kaɗan, wannan na cikin dalilan da suka sa masana suka ware musu dangi nasu, Costaceae. Sai rukunin Aframomum, dangin citta mai 'ya'ya da kororiman Habasha da ake zubawa a gahawa. Su 'yan dangi ne na gaskiya, ga ƙamshi ga ganye jere biyu, amma karansu ya fi tsawo da tauri, saiwarsu doguwa ce mai rarrafe tana fitar da kara nan da can, 'ya'yansu manya jajaye a gindi. Sun fi yawa a Sudan ta Kudu da yammacin Habasha. Akwai kuma 'yar'uwarta ta kusa, Siphonochilus kirkii ta gabashin Afirka, wadda ganyenta ya fi faɗi kuma furanninta a jere suke kan dogon kara sama da ƙasa.

Waɗannan kuskure a kansu asarar lokaci ce kawai. Inda kuskure ke zama asarar rai shi ne wajen masu tono da rani, lokacin da ba ganye ba fure, mutum na bin inda ya tuna ya ga tsiro. Wasu nau'o'in Chlorophytum suna da jijiyoyi masu kumburi irin nata sak, sai dai ba ƙamshi. Albasar kwaɗi tana da ɓawo hawa-hawa kuma tana sa amai. Mafi muni shi ne gatarin kurege, Gloriosa superba, wanda wasu ke kira baurerai. Saiwarsa doguwa ce mai gwiwa, fara tas a ciki, ba ta da ƙamshi, kuma cike take da gubar colchicine. Wanda ya ci zai ji raɗaɗi a baki da maƙogwaro, bayan 'yan sa'o'i amai da gudawa su kama shi, wani lokaci ya ɗan ji sauƙi kafin ƙoda da hanta da ɓargo su fara gazawa. Wanda ya tsira gashinsa kan zube bayan mako ɗaya zuwa biyu. In aka yi zargin an ci shi, asibiti za a nufa nan take, a tafi da ragowar saiwar, kada a tsaya jiran alamu. Da damina gane shi ba wuya, don yana yaɗo kuma bakin kowane ganye na da ɗan zare mai nannaɗewa. Duk saiwar da ba ta ƙamshin citta ba citta ba ce, kuma ba a ɗanɗana saiwar daji don a gane ta.

Wayar hannu ta kawo wani ruɗanin. Wanda ya nemi hoton cittar daji a intanet, abin da zai fara fito masa tsiron Amurka da Turai ne mai ganye siffar zuciya, Asarum, wanda attarai, masu sayar da kayan ƙamshi da magani, ke sayarwa da sunan asarun. Ba shi da alaƙa da citta sai ƙamshi. Danginsa su ne gaɗakuka da tsiron da 'yan Sudan ke kira um galagil, dangin da aka sani da sinadarin aristolochic acid mai lalata ƙoda da jawo sankarar mafitsara. A Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 suka samu ciwon ƙoda daga maganin rage ƙiba da aka sa wa wani ɗan wannan dangi bisa kuskure. Haka ƙustul hindi da ake sayowa daga Makka da Madina: saiwar wani tsiro ne na tsaunukan Himalaya, Saussurea costus, ba ruwansa da kakizuwa ko takalmin zomo duk da kamar suna. Shi kansa tono ya kusa ƙarar da shi a daji, tun 1985 yake cikin rukunin farko na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, wanda ke halatta a kasuwa na gona ne. A gaban attari a kasuwar Umdurman, saiwar da aka yayyanka aka busar ko aka niƙa ba mai iya rantsuwa a kanta da ido kawai.

To yanzu ina matsayinta? Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da ma'auni hawa-hawa, daga wanda ba a damu da shi ba, zuwa mai rauni, zuwa wanda ke cikin haɗari, zuwa wanda ke bakin ƙarewa, zuwa wanda ya ƙare a daji. Ba da ka ake yanke hukuncin ba. Ana duba yawan raguwa cikin shekara 10 ko zuriya uku: kashi 30 cikin 100 mai rauni, 50 cikin haɗari, 80 bakin ƙarewa. Ana duba faɗin wurin da tsiron ke zaune a zahiri, a kan taswira mai gidaje kilomita 2 sau 2: ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, ko 500, ko 10, haɗe da shaidar cewa yana raguwa ko ya warwatsu. Ana duba adadin manyan tsirrai: ƙasa da 1,000, ko 250, ko 50. Sannan akwai aji biyu da mutane ke yawan yi wa gurguwar fahimta, wato wanda bayanai ba su isa ba da wanda ba a tantance ba. Kasancewa a ɗayansu ba shaidar lafiya ba ce, ma'anarsa ba a je an duba ba.

Tsiro mai faɗin shimfiɗa irin wannan yana da wata matsala ta musamman. Muddin yana nan da yawa a wasu ƙasashe, ma'aunin duniya ba zai girgiza ba ko da ya ƙare ƙaf a wata ƙasar. Shi ya sa hukuncin ƙasa-ƙasa ya fi faɗin gaskiya. A Afirka ta Kudu cittar daji tana ajin bakin ƙarewa. A lardin KwaZulu-Natal, inda Zulu ke kiranta isiphephetho ko indungulo suna sha don mura da tari da asma, ta ƙare a daji gaba ɗaya, galibin abin da ya rage a ƙasar yana cikin gandun Kruger da kewayensa. Ba fari ba ne ya kashe ta, kasuwa ce. Wani ƙiyasi na 1998 ya nuna ana sayar da kusan tan 2 a shekara a wannan lardin kaɗai, sama da tsiro 50,000. Raba ka gani: kowane tsiro bai kai giram 40 ba. Ke nan buhu ɗaya mai kilo 50 ya lashe tsiro wajen 1,400, kuma kowanne an ɗauke shi ɗungurungum, don saiwar ita ce tsiron. Da na gida ya ƙare, 'yan kasuwar Faraday a Johannesburg da Warwick a Durban suka koma sayowa daga maƙwabta. Wannan ne ya sa a taron CITES na 2016 a Johannesburg aka sa ta a rukuni na biyu, inda fitar da ita ke buƙatar izini da shaidar cewa ba zai cutar da na daji ba.

A lura da kyau, wannan kariya ta ƙasashe huɗu ce kawai: Afirka ta Kudu, Mozambik, Eswatini da Zimbabuwe. Sudan na cikin yarjejeniyar tun 1983, Saudiyya tun 1996, amma cittar dajin Sudan ba ta cikin jerin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kayan gargajiya na zirga-zirga a jakunkunan matafiya tsakanin Sudan da Jidda da Makka, kuma bidiyo ɗaya a TikTok da ya ce ga maganin asma ko na maza ya isa ya sa wa saiwa farashi cikin mako guda. Tsiron da ba ya yin iri da yawa ba ya iya tsere da buhu.

Amma a yau abin da ya fi matsa mata a Sudan shi ne ƙarewar wurin zama. Noman inji ya fara a yankin Gadarif a shekarun 1940, ya bazu zuwa Nilul Azrak. Manyan gonakin injin a filin baƙar laka suke, wanda dama ba wurinta ba ne, sai dai sun ture ƙananan manoma da makiyaya zuwa gindin tsauni da gaɓar ƙorama, daidai inda take. In aka sare itatuwa aka yi gawayi, inuwa ta tafi, ƙasa ta yi zafi ta daskare. In faifan tarakta ya bi, yana yayyanka saiwar ya baje ta a rana, don ba ta da zurfi. Maganin ciyawa irin glyphosate kuwa ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa. Ƙarin tsayin madatsar Rusairis da mita 10 da aka kammala a 2013 ya nutsar da wasu gaɓoɓin, ya tayar da ƙauyuka zuwa sabbin wurare da su ma sai an share. Ga ramukan masu haƙar zinariya a wajen Kurmuk da Gaisan. Gobarar daji, wadda ake yawan ɗora wa laifi, ita ce mafi sauƙi a cikinsu, domin lokacin da take ci saiwar na barci a ƙasa. Illarta ta bayan fage ce, tana kashe 'yan itatuwan da za su zama inuwar gobe.

Kuma duk wannan na faruwa a wurin da bincike ya yi wuya. Yaƙi ya dawo Nilul Azrak a 2011, na 2023 ya taɓa jami'o'i da cibiyoyin binciken Hartum, ya kai Sinja a 2024. Ma'adanar irin shuka ta Wad Madani an washe ta, abin da aka ceto na dawa da gero da sauransu aka kai rumbun Svalbard na Norway a 2025. Hatsi yana da wannan gatan don ƙwayarsa na zama a kwalba. Cittar daji sai dai a raye, a ƙasa, a hannun wani.

Ƙirga ta ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Igiya mai mita 10, turaku huɗu, littafi da waya. A kafa fili mita 10 sau 10 inda take, a sa duwatsu a kusurwoyi don a gane shi baɗi. A ƙirga sau biyu a shekara: lokacin fure, da kuma wajen Agusta zuwa Satumba da ganye ya cika. A rubuta adadin karare, nawa suka yi fure, nawa suka yi 'ya'ya, ƙananan da suka tsiro daga iri nesa da uwa, da ramukan tono in akwai. A rubuta itatuwan da ke mata inuwa da kututturan da aka sare. Ƙananan nan su ne ma'auni na gaskiya, domin kara hamsin a dunƙule na iya zama tsiro ɗaya da ya yi ta rassa, kuma gungun da ba ya haihuwa yana kan hanyar ƙarewa ko da ya cika ido. Hoto biyar ake so: fuskar fure, gefensa, mahaɗar kube da ganye, tsiron gaba ɗaya da wani abin awo a gefensa, da wurin. In za a adana samfur don masana, ganye a matse shi cikin jarida ana sauya takardar kullum, fure kuwa a jefa shi a ƙaramar kwalbar sifirit mai ƙarfin kashi 70, don in aka matse shi narkewa yake ya zama tabo. Lambar wurin ta GPS a bar ta a littafi da hannun amintaccen mai bincike. Sa ta a Facebook ko zauren WhatsApp jagora ne ga mai buhu.

Kafin a shiga dajin da ba na garinku ba, a nemi izinin umda ko shehun wurin, a tafi da ɗan gari. Wanda ya san rikicin ƙasa da ya ɓarke a jihar Nilul Azrak a 2022 ya san igiyar awo a ƙasar wani ba ƙaramar magana ba ce. A kudancin jihar kuma akwai wuraren da aka binne nakiyoyi, ba a barin hanyar da mutane ke bi.

Mai maganin da ke buƙatarta, hanyar da ta fi masa ita ce ya shuka abarsa, kuma tana karɓar shuka. Ana raba saiwa ne tana barci, tsakanin Janairu da Maris, daga gungun da aka sa wa alama tun damina. Daga gungu mai kara goma a ɗauki biyu, a bar uwar, a cike ramin, kada a koma masa sai bayan shekara uku. A ɓalle ta a mahaɗarta ta asali, kowane yanki da ido aƙalla ɗaya da jijiyoyinsa masu kumburi, don su ne guzurinsa. A barbaɗa toka a ciwon, a bar shi a inuwa kwana biyu zuwa uku ya bushe. Kunya a ɗaga ta santimita 25 zuwa 30, ƙasar a cakuɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. Zurfin shuka santimita 5, tazara 25 zuwa 30, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Gefen inuwar mangwaro ko gwaiba a jubraka, wato lambun gefen gida, ya dace, inda ranar safe ke samu ta azahar ba ta samu.

Abin da ya fi kashe ta a lambu alheri ne ya yi yawa. Da ganye ya yi rawaya a ƙarshen kaka sai mai lambu ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, alhali barci za ta shiga, kuma saiwa mai barci a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa take, ta yi laushi da wari. Daga nan sai a ɗauke ruwa ɗungum har ruwan farko. Wadda ta ruɓe a cire ta da ƙasar da ke kewaye da ita. Kada a sa ta inda aka jima ana tumatir ko kuɓewa, don tsutsar saiwa mai sa ƙulli na nan jibge. A wajen Sinnar da Mai Wurno, inda ruwa bai kai mata ba, sai an taimaka da ban ruwa da damina in aka yi kwanaki ba a samu ba, kuma tukunya ko buhu mai huji a ƙasa ya fi lakar gaɓa.

In an girbe, a yanka sirara a shanya a inuwa mai iska, a ajiye a haka, kada a daka sai za a yi amfani. Sinadarin da aka fi danganta amfaninta da shi, siphonochilone, yana sauyawa in garin ya daɗe yana shan iska. Cibiyar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu, CSIR, ta yi aiki a kanta game da asma da borin jini, amma wannan ba dalili ba ne da mai asma zai ajiye abin shaƙarsa, kuma mai juna biyu ta bar ta.

Saura abu ɗaya da masu shuka ke mantawa. Duk abin da aka yaɗa ta hanyar raba saiwa kwafin uwa ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Ƙari a kan haka, wasu tsirran furen mace kawai suke yi, ba sandar namiji, irin waɗannan ko shekara nawa suka yi su kaɗai ba za su ba da iri ba. Don haka a samo daga gungu uku ko huɗu masu nisa da juna, a tabbata akwai masu cikakken fure a ciki, kowanne a rubuta inda ya fito da shekarar a kan ɗan ƙarfe ko fasasshen tulu a kafa a gindinsa, a jera su kusa yadda ƙwari za su yi ta kai-kawo tsakaninsu. In aka dace da 'ya'ya, a bar su su nuna har su yi laushi, a wanke ƙwayar a shuka ta ɗanya a tukunya mai yashi da ruɓaɓɓen ganye, a ajiye a inuwa. Tana iya ɗaukar wata da watanni, har shekara, kafin ta tsiro, saboda haka a rubuta ranar shuka a jikin tukunyar kada wani ya zubar da ƙasar.